Na Bi Shanun Kawu Manu Zuwa Benin

Tun da na dawo bakin aiki ban huta da tambaya ba. In na shiga ɗakin shan shayi na malamai sai wani ya ce, "Dakta, an ce kin je Benin kin ci shari'a." Wata kuma ta tare ni a matakala ta ce ita labarin da ta ji, kama ni aka yi a iyaka. Duka biyun babu wanda ya faru. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya kasance.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Bagudo ce. Ina koyar da doka a jami'a, ɓangaren tsara ƙasa da muhalli da dokar da ke tafiyar da hukumomi. Darussa ne da ɗalibai ba su cika so ba, don babu kisan kai a ciki, babu rigimar gado. Digirina na uku a kan burtali na yi shi, wato hanyar da ake keɓe wa shanu su bi tsakanin gonaki. Na yi shekaru ina rubutu a kan wa ke da ikon shata burtali, wa ke da ikon soke shi, da abin da ya wajaba hukuma ta yi kafin ta taɓa dukiyar mutum. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba. Aikina aji ne da bincike, na kuma iya shi.

Da kaka na je gida hutu, da niyyar in ƙarasa wani rubutu da nake son gabatarwa kafin a zauna batun ƙarin girma. Ina zaune a tsakar gida da hantsi sai ga Kawu Manu, wan mahaifiyata, ya yi sallama. Bafulatani ne na wajen Ka'oje, yana noman shinkafa, amma ransa yana wurin shanu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Inna yake kirana. Garkensa ya daɗe a ƙasar Benin a hannun babban ɗansa Sanda, wanda ya yi aure can. A bana Kawu ya ce a dawo masa da su gida.

Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya ce, "Inna, an kame shanu Dahomi." Shi har yau da tsohon sunan yake kiran ƙasar. "Sun ce sun ci gonar auduga. Ranar kasuwa za su saishe su. An ce mini karatun burtali kinka yi. Tashi mu tahi."

Na yi masa bayani cewa dokar Najeriya na karanta, ba ni da ikon tsayawa lauya a wata ƙasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ni ban ce ki tsaya ba. Cewa niy yi ki taho." Na kira maigidana a waya, ya ce in je amma in riƙa sanar da shi inda nake. Washegari da asuba muna tasha.

Motar Ka'oje irin wadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku ce. Kusa da ni wata mai sayar da bandar kifi ce, ta ɗora kwandonta a cinya, rabinsa a tawa. Mun haye kogi a Tuga, ta riƙa nuna mini fadamun da ruwa ya cinye, tana faɗin sunan masu su ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta ta'aziyya. Mace ce mai daɗin hira, sai da muka sauka na ga man kifinta ya tsiyaye a jakata. Har na dawo gida duk inda na shiga kyanwa ce ke fara yi mini maraba.

Daga Ka'oje muka canja mota zuwa Tsamiya, daga nan iyaka. Ɓangarenmu ba a tsayar da mu ba, don ma'aikatan sun san Kawu, har wani ya tambaye shi ya shinkafa. A ɓangaren Benin jami'in ya karɓi katina na aiki, ya juya shi, ya ga an rubuta Dakta. Nan take fuskarsa ta sake. Ya sa aka kawo mini kujera, ya juya mini baya, ya dafa ƙugunsa, ya fara yi mini bayani da Hausa mai kyau yadda ciwon ke tasowa daga nan ya sauka ƙafa. Na ce masa ni daktar doka ce. Ya dube ni da tausayi ya ce, "To, Allah ya sa tana da amfani." Kawu ne ya cece ni. Ya ce wa mutumin ya samu man shanu ya ɗumama a shafa masa, ya kuma bar zama kan benci marar jingina. Jami'in ya yi godiya ya buga mana hatimi.

Abin da na fara lura da shi a can shi ne 'yan kabu-kabu. Kowa da rigar aiki iri ɗaya da lamba a baya. A wajenmu in ɗan acaba ya gudu da kayanka sai dai ka bar shi da Allah. A can lambar ka riƙe. Na biyu auduga ce, an tara ta tsibi-tsibi a bakin hanya, fara sol, babu mai gadi. Na uku shi ne ya sa na ce wa mai babur ya tsaya. Turaku ne na siminti, tsawonsu ya kai ƙugu, an shafa musu fenti, sun jeru layi biyu sun nausa daji. Na tambaya aka ce alamar burtali ce. Na sauka na dafa ɗaya. Na yi shekaru ina rubuta cewa burtalinmu a takarda kawai suke, gonaki da gidaje sun haɗiye su saboda ba a kafa musu alama ba. Ga abin a tsaye a gabana. Kawu ya ce, "Inna, siminti na, hau mu tahi."

Mun isa Segbana rana ta take. Na so mu wuce ofis a nuna mana wanda za mu gani, sai muka tarar ko'ina a rufe. Ashe da tsakar rana kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya ɗan kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Raina ya ɓaci, daga baya na tuna a wajenmu ƙofar a buɗe take yini, mai kujerar ne ba ya nan. Gara wanda ya gaya maka lokacin da zai dawo.

Mun sauka gidan Hajiya Zalika, Badandiya mai sayar da atamfa, wadda marigayi mijinta shi ne mai masaukin Kawu tun suna samari. Mace ce doguwa mai murya, ta iya Dandanci da Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma da kowanne tana iya yi wa mutum faɗa. Ta ba ni ɗakin 'yarta, ta karɓe jakata ta ce wannan ba za ta kwana cikin gidanta ba sai an wanke ta. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa, a ciki da wasu yanka-yanka masu jan baya. Na ɗauka hanta ce, na ciza na ji laushi. Cuku ne na madarar shanu, wagashi suke ce masa, suna rina bayansa ja da karan dafi. Ni jikar Fulani ce, amma ban taɓa cin cuku a miya ba. Na ci har na nemi ƙari. Kawu kuwa ya ture nasa gefe ya ce nono sha ake yi, ba a tauna shi.

Da yamma na fita sayen burodi, irin nasu dogo mai tauri. Ina karanta Faransanci saboda bincike, amma bakina bai saba ba. Tun daga ƙofar gida nake shirya jimlar a raina, na isa na zuba wa mai burodin ita tsaf. Ya bari na gama ya ce, "Hajiya, guda nawa za a ba ki?" Gaisuwarsu kuwa sai wanda ya gani. Ƙarami yakan durƙusa, babba ma ya ɗan rusuna, su yi ta amsa wa juna da wani gunji a maƙogwaro har sai ka zaci sun manta da abin da ya haɗa su. Mu da muke taƙama da doguwar gaisuwa, a can ɗalibai ne.

Da safe muka ɗauki babura zuwa ƙauyen da abin ya faru, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Hajiya Zalika ta rufe shagonta ta biyo mu, ta ce ba za ta bar mu mu je a sayar da mu tare da shanun ba. Sanda ya tarye mu a bakin gari, ya rame, idonsa ya yi ja. Ya kai mu inda aka tsare garken, wani shinge na itace babu inuwa. Da shanun suka ji muryar Kawu suka taso gaba ɗaya suka dafe shingen. Kawu ya matsa kusa. Ya sa hannu ta tsakanin itatuwan yana shafa goshin duk wadda ta iso.

Na ja Sanda gefe, Kawu ya biyo mu. Na ce ya gaya mini abin da ya faru, kada ya rage komai. Ya ce burtali ya biyo, yana tsakanin turaku, sai ya tarar da gonar auduga ta toshe hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Babu inda zai ratsa, ya kora su ciki. Aka kama shi aka tsare, kwamitin sasanta manoma da makiyaya na ƙauyen ya zauna ba ya nan, aka ƙiyasta gonar gaba ɗaya, aka ce in ba a biya ba a sayar da shanun, sannan aka sake shi. Na ce, "Shi ke nan?" Ya sunkuyar da kai. Ya ce a can ƙarshen gonar kare ya firgita su, wasu suka fasa hagu, suka fita daga turaku suka tattake wani yanki da ba burtali ba.

Kawu ya ce, "Wanga ba sai an hwaɗi ba."

Na ce, "Mu je dai, Kawu."

Sakataren kwamitin wani dattijo ne mai tabarau, tsohon malamin makaranta, ana ce masa Mushe Idrisu, wato Malam Idrisu da Faransanci. Na gaishe shi na ce ni ba lauya ba ce a ƙasarsu, ɗiyar mai shanu ce, kuma ban zo koya wa kowa dokarsa ba. Tambaya biyu kawai gare ni. Da aka yanke hukunci, an ji ta bakin makiyayin? Kuma an je gonar da ɓangarorin biyu an duba? Hajiya Zalika ta juya masa da Faransanci, na kuma ji ta ƙara gishiri, don maganarta ta fi tawa tsawo.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce a ranar ya tafi jana'iza, manoma sun fusata, mai gari ya so a kashe wutar da wuri. Sannan ya tambaye ni aikina. Da na gaya masa sai ya gyara zama. Ya ce a tsarinsu ma ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, shin a namu haka ne? Na ce haka ne, kuma shi ne darasin da nake fara koyarwa kowace shekara. Muka shiga hira kamar tsofaffin abokan aiki, yana tambayata wa ke shata burtali a wajenmu, ina tambayarsa wa ya kafa turakunsu. Kawu yana ta gyaran murya a bayana. A ƙarshe Mushe Idrisu ya ce zai yi wa mai gari magana a sake zama, a kuma taka zuwa gonar. Ya ce, "Ba alfarma na yi miki ba, Madam. Abin da ya kamata a yi ne tun farko."

Bayan azahar muka fita, mai gari da malamin gona da garso, wato shugaban makiyayan yankin, da jama'a a bayanmu. A nan na fara ganin mai gonar. Sunansa Woru, siririn mutum mai furfura a gemu, rigarsa duk faci. Na zata zan ga mai faɗa, sai na ga mutumin da ya gaji. Hajiya Zalika ta raɗa mini labarinsa a hanya. Tsohuwar gonarsa tana cikin gandun daji, da aka tsananta tsaron gandun aka tashe shi. Wani babba a garin ya nuna masa nan ya ce ya noma, ai shanu sun daɗe ba su bi ba.

Ba mu yi nisa cikin audugar ba muka ci karo da turke na farko, tsaye a tsakiyar kunya, har Woru ya rataye goran ruwansa a jiki. Ga na biyu can, ga 'yan uwansu a ɗaya gefen. Duk inda shanu suka tattake a nan yana tsakaninsu. Babu wanda ya buƙaci bayani. Jama'a suka fara ƙus-ƙus, mai gari ya ji kunya, ya ce to ai magana ta ƙare, a saki shanu, kowa ya koma gida. Sanda ya yi murmushi karo na farko. Mutane suka juya.

Woru bai juya ba. Ya tsaya yana kallon can ƙarshen gonar, bakinsa yana motsi. Ya ga taron ya riga ya bar shi.

Na ce wa Mushe Idrisu, "Ba mu gama ba. Akwai sauran gona."

Na ji an ja gefen mayafina. Kawu ne. Ya ce a hankali, "Inna, mi kike yi?"

Na ce, "Ni na ce a duba gona, Kawu. Ban ce a duba rabi ba."

Ban yi shakka a lokacin ba, kuma har yau ban yi ba. Na roƙi a saurari wanda ba a saurara ba, aka yi mini. Ba zan tsaya ina kallo a yi wa wani abin da na zo kuka a kai ba. Ban da haka, surukan Sanda a yankin suke, 'ya'yansa a nan aka haife su. In muka tafi da wannan nasarar, mu za mu haye iyaka, shi za a bari da mutanen da suka san abin da aka ɓoye.

Muka ƙarasa. Yankin yana nan kamar yadda Sanda ya faɗa, bayan turaku, audugar a kwance cikin ƙasa. Mushe Idrisu ya tambayi Sanda, Sanda ya dubi ubansa, sannan ya ce shanunsa ne. Aka koma gindin bishiya aka zauna. Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Abin da aka tattake cikin burtali babu diyya, abin da ke wajensa akwai. Garso ya ce ya san ɗaya daga shanun huɗar Woru ya mutu da damina, in an yarda a ba shi ɗan bijimi a rufe magana. Woru ya yarda. Mushe Idrisu ya ƙara da cewa bayan an cire auduga za a nema masa wani fili a buɗe hanyar. Ko an yi ko ba a yi ba, ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba.

Kawu da kansa ya shiga shingen ya zaɓo bijimin. Bai zaɓi ramamme ba, ya fito da wani ja mai faɗin ƙirji, ya miƙa wa Woru igiyar ba tare da ya dube shi ba. Ni ma bai dube ni ba. Ranar a gidan surukan Sanda muka sauka, aka kai wa Kawu abinci waje, na je gaishe shi ya amsa da ka. Hajiya Zalika ta ce in rabu da shi, namiji in ya yi asarar sa sai ya yi kwana yana zaman makoki.

Da safe aka buɗe shingen. Wata tsohuwar saniya ba ta tashi ba, ta mutu kafin gari ya waye, yunwa da rana sun gama da ita. Kawu ya tsuguna a kanta ya daɗe. A wani lungun kuma wata ta haihu tun kwanakin tsarewar, 'yar maraƙar tana ta tangaɗi a bayan uwarta. Kawu ya ce shi ba zai hau mota ba, da ƙafa zai raka su gida tare da Sanda. Ni da Hajiya Zalika babura na jiranmu.

Na je yi masa sallama na durƙusa. Ya jingina da sandarsa yana kallon shanun suna fita.

Ya ce, "Inna, karatun ga naki, dangi shika bi ko gaskiya?"

Na ce, "Gaskiya, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Na gani. Tsada gare shi."

Har na zaci ya sallame ni. Sai ya kira Sanda ya nuna 'yar maraƙar da bakin sanda. "Waccan ta Inna ta. In ta gaji ka saɓa ta ga wuya, kak ka bari ta taka ƙaya." Ya juyo gare ni. "Tashi ki tahi, rana na yi. Ki ce ma mijinki na gode da aro."

Na hau babur. Da muka kai kan tudu na waiwaya. Garken ya shiga gonar ta tsakanin turaku, Kawu a baya, Sanda a gefe da maraƙar a wuya. A gaba kuwa Woru ne, da sanda a hannu, yana tafe yana nuna musu hanya.